Ashe Ba Yamma Nasiru Yake Karantawa Ba

Yau kwanana goma sha ɗaya da dawowa daga Malesiya, har yanzu kumburin ƙafata bai gama sacewa ba, amma ba a bar ni na huta ba. A asibiti abokan aiki sun tsare ni, a gidan suna an tsare ni, har mai kawo mana itace ya tsaya a zaure yana tambaya wai da gaske ne can ruwan sama ba ya ɗaukewa. Kowa tambayarsa biyu ce: yaya garin, kuma ina Dakta? Bakina ya gaji. Ga shi na rubuta, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rakiya, ungozoma ce ni a Dutse, kuma ban taɓa sha'awar yawon duniya ba. Daktan da ake tambaya ƙanena ne, Nasiru, autan Inna. Shekara shida ke nan da ya tafi Kuala Lumpur yin digiri na uku a fannin Turanci, karatun da aka ce mana shekara uku ne. Da farko duk Juma'a yana kira. Daga baya ya koma wata-wata, daga nan sai saƙon rubutu, Inna kuwa ba ta yi boko ba. Tun bayan babbar Sallar bara ko wannan ya ɗauke. Inna ita kaɗai ta rage a gidan mahaifinmu a ƙauye, idonta na dama ya tafi, na hagu yana bin sa a hankali. Na yi na yi ta dawo wurina, ta ce ba za ta rufe gidan Malam auta bai dawo ba. Ranar da ta ce mini, “Rakiya, ina so in gan shi tun ina gani,” ranar na fara neman fasfo.

Abin da yake karantawa kuwa, mu a gida mun san Yamma ce. A shekararsa ta farko na tambaye shi a waya, layi yana katsewa, na ji ya ce wani abu mai kama da “westan”. Ni ma ai na je makaranta, na san abin da wannan ke nufi da Turanci. Na faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa gari. Shekara shida ana tsokanarmu a ƙauye, wai ɗan Inna ya tafi Gabas neman Yamma.

Ana gobe zan tashi na je sallama. Inna ta haɗa mini kuka da daddawar da ta yi da hannunta. Sannan ta sa na kunna mata wurin ɗaukar murya a wayata, ta kore ni tsakar gida, ta ce saƙon na Auta ne, kada in saurara. Ban saurara ba.

Daga Dutse zuwa Kano babu abin faɗa, in ban da buhun albasar da direba ya ɗora mini a ƙafa tun daga Wudil. A Kano na sayi kilishi mai yawa, na hau jirgi karo na farko a rayuwata. Na sha tsayuwa a ɗakin haihuwa tun safe har safe, amma ban taɓa jin bayana ya ƙage irin yadda kujerar nan ta ƙage shi ba. A Addis Ababa muka ya da zango. Can na haɗu da wata Hajiya 'yar Fagge mai sarin atamfa, wadda ta san filin jirgin kamar kicin ɗinta. Ita ta nuna mini wurin alwala, ta ce in cire takalmi a jirgi na biyu ko ƙafata ta ƙi komawa ciki. Na ɗauka surutu ne, ban cire ba. Da muka sauka a hannu na riƙo takalmin hagu. Sallolin da na haɗa a hanyar nan kuwa sai dai Allah ya karɓa, domin rana ta riƙa fitowa a lokacin da ban saba ba.

A wurin shige da fice layi ya yi tsawo, ni ga ɗingishi. Jami'ar da na samu 'yar siririya ce da hijabinta tsaf, sai dai Turancinta da nawa sun ƙi gaisawa. Ta duba katin rigakafi, ta duba takardar gayyata, ta tambaye ni me ƙanena yake yi a ƙasarsu. Na gyara tsayuwa na ce yana karanta Yamma. Ta dube ni, ta buga hatimi. Kun ga har hukumar Malesiya na kai wa wannan magana. A wurin duba kaya aka ce nama ba ya shiga, ina ji ina gani kilishina ya tafi kwandon shara. Da aka zo kan daddawa, jami'in ya buɗe ledar ya sunsuna, ya ja da baya, ya kira abokinsa shi ma ya sunsuna. Suka yi shawara da yarensu, sannan ya ɗaure ledar da sauri ya ce, “Boleh, boleh.” Wannan ce kalmar Malay ta farko da na koya, ma'anarta ya halatta, wuce.

Malam Auwal ne ya tare ni, abokin Nasiru tun jami'a, shi ma ɗalibi ne a can, shi ya aiko mini da takardar gayyatar. Gidansu a Taman Melati yake, hawa na goma sha bakwai. Matarsa Zainab ta karɓe ni kamar yayarta, Allah ya saka mata. Amma ni zaman sama bai karɓe ni ba. In na leƙa taga jiri, in na shanya zani ya kwana bai bushe ba, zafin garin kuma mai danshi ne, ka fito wanka kana neman wani wankan. Maƙwabta ƙofa da ƙofa, kowa ya jera takalmansa a waje, amma ba mai shigo maka ya ce ina kwana. Mutane ne masu ladabi, ba sa nuni da ɗan yatsa sai da babban yatsa, kuma gaisuwarsu ita ce ko ka ci abinci. Da safe Zainab ta sayo mini shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da gyaɗa da ƙananan busassun kifi da wani jan yaji mai sukari. Na ci saboda kunya.

Bayan karyawa na dubi Malam Auwal na ce, “To, ina yake?”

Ya sosa ƙeya. “Yaya, wallahi almost one year ke nan ban sa shi a ido ba. Ya fita daga group ɗinmu, ya canja gida, ko masallacin da muke haɗuwa ranar Juma'a ya daina zuwa.”

“Lafiyarsa ƙalau?”

“Ƙalau, as far as I know. Sauran bayanin gara ki ji daga bakinsa. Amma an ce ana ganinsa da hantsi a wani mamak a Sentul, kusa da tasha.”

Mamak shagon abinci ne na Indiyawa Musulmi, kujerun roba har bakin titi, shayi da wainar fulawa da suke kira roti. Washegari na tuƙa tuwon shinkafa na kaɗa miyar kuka da daddawar Inna. A cikin lif ɗin gidan akwai hoton wani ɗan itace mai ƙaya an ja masa jan layi, duriyan sunansa, an hana shiga da shi saboda wari. Na shiga da kular abincina, wata tsohuwa ta dubi hoton ta dube ni, ta sauka a hawa na gaba. Zainab ta yi dariya har da riƙe ciki, ni ban ga abin dariya ba.

Ita ta raka ni ranar farko, muka canja jirgin ƙasa a tsakiyar gari, ta nuna mini shagon ta koma makaranta. Na ce a kawo mini shayi ba sukari, aka kawo shi da madarar gwangwani mai zaƙi har yana kama harshe. Na mayar, aka kawo wani ya fi na farko. Wani dattijo mai furfura a cikin masu kai abinci ya tausaya mini, ya ce in ina son abu ba haɗi, ba ƙari, in ce kosong, wato wofi, ba komai a ciki. Na nuna masa hoton Nasiru a waya. Ya washe baki.

“Ah, Abang Kosong!” in ji shi, wato Yaya Kosong. Wai haka suke kiransa, domin kullum abincinsa ke nan, roti kosong da shayi kosong, kuma shi kaɗai yake zama, ba ya magana da kowa.

Na zauna har azahar bai zo ba. Na koma da tuwona ya huce. Rana ta biyu ma haka, ga shi na ɓata a tasha na hau jirgin da ya kai ni wata unguwa daban, ruwan la'asar ya yi mini duka. A daren na ce wa Zainab in ban gan shi gobe ba zan koma, in ce wa Inna ban same shi ba. Ƙarya nake yi, ita ma ta sani.

Rana ta uku dattijon nan ya kama kujerata ya kai ta can ciki bayan firjin lemo, inda ba a hangowa daga titi. Ashe ya lura da abin da ban lura ba: kwana biyun nan Nasiru yana zuwa, yana hango ni daga tsallaken titi, yana juyawa. Da hantsi sai ga shi ya shigo. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, ga furfura a gemu, yaron da na goya. Sai da ya zauna na taso na tsaya a kansa.

“Yaya,” ya ce.

“Kada ka tashi. Ƙafata ba ta gudu.”

Na buɗe kula a kan teburin mutane. Dattijo ya ɗaga hannu daga nesa ya ce boleh. Nasiru ya wanke hannu ya kai loma uku, sai ya tsaya.

“Daddawar Inna ce.”

“Au, ashe kana tuna ta.”

Ya cinye tas, sannan ya ce in zo in ga ɗakinsa. Falo ne aka raba da katako gida uku, nasa ba taga. Katifa, tebur, littattafai a kwali, bango kuwa duk an manne shi da ƙananan takardu, kowace da kalma ɗaya a samanta. Na matsa na karanta, duk kalmar iri ɗaya ce: westen.

“Wannan ce Yammar taka? Ko rubuta ta daidai ba ka yi ba, ka manta harafi.”

Ya dube ni, can sai ya yi wata 'yar dariya ta gajiya. “Wace Yamma, Yaya?”

“Wadda kake karantawa mana. Westan.”

“Innalillahi. Abin da kuke faɗa a gida ke nan?”

“Shekara shida.”

Ya zauna a kan katifa ya dafe kai. Ya ce ba Yamma ba ce, ko kusa. Kalmar westen ce, ana jan wasalin farko, weesten. Ya ce in tuna gari na zama da gari na tuwo, a rubuce ɗaya suke, a baki kowa ya san bambancinsu. To haka wannan take da kalmar Yamma. Tsohuwar kalma ce ta Ingilishin da, na zamanin da Baturen yau ba zai gane ko layi ɗaya ba, kuma ta mutu tuntuni.

Na ce, “To me take nufi?”

Nan fa bakinsa ya buɗe, na ga Nasirun da na sani. Ya ce daga wata siffa ta fito, weste, wadda ke nufin wofi, wurin da ba kowa. Jamusawa har gobe da 'yar uwarta suke kiran hamada. Malaman addinin Ingila na wancan zamani da ita suka fassara jejin da Bani Isra'ila suka yi ɗimuwa a ciki, alhali ƙasarsu ba yashi ba raƙumi. Da ita kuma suke kiran fadamar da mai gudun duniya yake komawa ya zauna shi kaɗai. Har garin da aka watse da siffar nan suke kwatanta shi. Daga baya masu jin Faransanci suka ci ƙasar, suka zo da nasu kalmomin, wannan ta yi ta ja da baya har ta ɓace.

“Wato kosong,” na ce.

Ya ce, “Kusan haka.”

“To kalmar da ta mutu ita ta hana ka kiran mai rai?”

Sai ga maganar ta fito. Aikinsa kwatanta kalmomin jeji ne na tsohon Ingilishi da na Hausa, kuma a duk littafin ya fassara westen da daji. Shekara ɗaya da rabi da suka wuce ya shiga jarrabawar baki, wadda daga ita sai a kira mutum Dakta. Wata farfesa ta tambaye shi me ke cikin daji. Ya ce itatuwa, namun daji, mafarauta, makiyaya. Ta ce to ai dajinku cike yake, wannan kalma kuwa asalinta wofi ne, ina suka haɗu? Ya rasa amsa. Aka ce ya koma ya sake babi biyu. Ya gwada dawa, ya gwada jeji, ya gwada hamada, kowace da inda take zubewa.

“A gida ana ce mini Dakta tun kafin in hau jirgi,” ya ce. “Na kira Inna in ce mata me? Duk Juma'a sai in ce bari in gama gyaran tukuna, in kira da labari mai daɗi. Har na kai ba na iya haɗa ido da su Auwal.”

Na gaji, wallahi na gaji, har faɗan da na taho da shi daga Dutse na rasa ƙarfin yinsa. Ruwan la'asar ya sauko, muna jin sa a kan rufin maƙwabta. Na ciro waya na ajiye a kan tebur na ce ga saƙonsa, na kunna.

Muryar Inna ta fito, tana magana da ƙarfi irin na wanda bai yarda da waya ba. “Auta, ni ce. Ina gaishe ka da karatu. Gidan Malam Sule sun koma bakin titi, su Tabawa ma sun tashi da kaka. Rijiyar bakin masallaci an daina ɗiba. Unguwar nan ta zama kufai, Auta, ni kaɗai nake hura wuta a cikinta. Ba cewa na yi ka bar karatu ba. Ka zo dai in gan ka, ka koma.”

Ni hawaye ya riga ya zubo mini. Na juya in ga nasa, sai na ga ya zabura yana laluben biro.

“Kufai,” ya ce. “Yaya, sake kunnawa! Kufai! Na san ta, tana cikin ƙamus, sau nawa ina tsallake ta. Ina ta nema a cikin kalmomin daji, ashe a cikin na gari take. Ba itace ba ne, ba yashi ba ne, rashin mutane ne!”

Ban san lokacin da na fizge biron na jefa shi bayan kwali ba.

“Nasiru! Uwarka ta ce maka ita kaɗai take hura wuta, kai kalma ka ji? Na bar aikina, na bar 'ya'yana, na zo da ƙafa ɗaya, na yi kwana uku ina yawo da tuwo a garin da ba na jin yarensu, don ka samu kalma?”

Ya tsaya da hannu a sama kamar biron yana nan. Ya dubi bangon nan da takardunsa, ya dubi wayar. Sannan ya sulale ya zauna a ƙasa, ya ce a hankali, “Sake kunnawa.” Na sake. Wannan karon bai nemi biro ba. Ya kifa kai a gwiwa, na bar shi ya yi mai isarsa.

Ƙarfe uku da rabi a can, a gida takwas da rabi na safe. Na buga lambar Inna na miƙa masa. Ya faɗa mata komai da bakinsa, cewa bai ci ba, an ce ya sake, kunya ce ta hana shi kira. Ina jin amsarta daga inda nake zaune.

“To sai me? Ni Dakta na haifa? Ka ci abinci?”

Sauran kwanakina huɗu a can bai kwana a ɗakin katakon nan ba, Malam Auwal ya shimfiɗa masa a falo. Sun kai ni ganin dogayen benaye guda biyu da kowa ke ɗaukar hoto a gabansu. Masu tambayar yaya garin, to dogaye ne, wuyana ya yi ciwo. Masu tambayar ina Dakta kuma, babu Dakta tukuna. Wata biyu suka rage masa ya miƙa gyaran, ya ce ko an karɓa ko ba a karɓa ba zai zo kafin azumi. Ba zan rantse muku ba, na sha jin alkawarin Nasiru. Abin da na sani, Juma'a biyu ke nan yana kira. Kuma na taho da rabin littattafansa a madadin tsaraba, duk wanda bai samu komai daga wurina ba ya san dalili.

Da na kai kwalin ƙauye, Inna ta sa na buɗe ɗakinsa, na share, na jera su. Ta zauna a bakin ƙofa tana shafa bangon wani littafi da hannu.

“Wannan duk Yammar ce?”

Na ce, “Inna, ashe ba Yamma yake karantawa ba. Ni ce ban ji daidai ba.”

“To mene ne?”

Na yi mata bayani iya yadda na gane, na ce wata tsohuwar kalmar Turawa ce, ta wurin da ba kowa, inda mutane suka watse aka bar shi wofi. Ta juya idonta mai gani wajen katangar su Tabawa da ta fara zubewa, ta daɗe tana kallo.

“Shekara shida?” ta ce. “Ai da nan ya zauna ya karanta. Da ko jirgi bai hau ba.”